Yadda ake sauke gogen da aka ɗora wa tsofaffin waƙoƙi a kwamfuta

A ranar 1 ga Afrilu, 1970, furodusa Phil Spector ya tara makaɗa a situdiyon EMI da ke titin Abbey Road a Landan. Akwai masu gogen Turawa ƙanana da manya, da masu busa, da mai kaɗa haf, wato wannan molon mai tsirkiya barkatai, ga kuma mata 'yan amshi su 14. Ya sa aka ɗora kiɗansu a kan waƙar The Long and Winding Road, wadda ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles ta ɗauka tun Janairun 1969 da fiyano da jita da bes (jita mai kaurin sauti) da ganga kawai. Paul McCartney, mai waƙar, ba ya wurin. Da ya saurari abin da aka yi sai ya rubuta wa manajansu Allen Klein wasiƙa, ya nemi a rage gogen, a cire haf ɗin gaba ɗaya a ƙarshen waƙar. Ba a kula shi ba, kundin Let It Be ya fito a watan Mayu yadda Spector ya bar shi. Sai a 2003 aka sake fitar da kundin da sunan Let It Be... Naked, babu gogen.

Su masu kamfani abin bai yi musu wuya ba, domin suna da faifan asali mai layi-layi: murya a layinta, ganga a nata, goge a nasa, sai su kashe layin da ba sa so. Mu kuwa da muka sayi CD, abin da ke hannunmu miya ce da aka riga aka kaɗa. Aikin da zan bayyana a nan shi ne na tsamo daddawa daga cikin miyar bayan ta dahu. Shekara goma da suka wuce da ka ce za ka yi haka a gida dariya za a yi maka. Yanzu yana yiwuwa, amma ba ɗari bisa ɗari ba, kuma wanda ya nace sai ya cire komai ƙarƙaf shi ne ke ƙarewa da waƙa mai sauti kamar ana rera ta a cikin randa.

Zan riƙa kiran wannan kiɗan da aka ƙara daga baya "ɗori". Ba ɗorin karaya ba, kodayake a wasu lokutan shi ma don rufe karaya ake yin sa, za mu zo nan.

Kafin ka kunna kwamfuta

Bincika ko an taɓa fitar da waƙar babu ɗorin. Wannan kaɗai zai iya hutar da kai aikin kwana uku. A waƙar da muka fara da ita, ɗaukar da Spector ya yi wa ɗori ta fito tsurarta a Anthology 3 tun 1996, ita kuwa ta cikin Naked wata ɗauka ce daban ta ranar 31 ga Janairun 1969. Haka ma kundin Willow Weep for Me na makaɗin jita Wes Montgomery: a 1965 aka ɗauki wasan kai tsaye a gidan Half Note na New York, bayan rasuwarsa a 1968 kamfani ya ɗora wa wasu waƙoƙin bushe-bushe ya fitar, daga baya kuma aka sake fitar da su babu ƙarin. Duk lokacin da ka samu irin wannan daga faifan asali, ya fi duk abin da kwamfutarka za ta iya yi.

Akwai kuma tambayar da mutane ke tsallakewa: shin ɗori ne ma kuwa? Yawancin waƙoƙin shekarun 1950 da ƙungiyar makaɗan da mawaƙin suna ɗaki ɗaya aka ɗauka, lokaci guda. Mawaƙin yana jin gogen yana bin sa, yana jan numfashi inda gogen ya ba shi fili. In ka cire irin wannan ba asali ka dawo da shi ba, gida ka rushe wa ginshiƙi. Alamar ɗori na gaskiya ita ce gogen yana shiga yana fita ba tare da sauran makaɗan sun san da zamansa ba: mai fiyano ya cika ko'ina da kiɗa kamar babu mai taya shi, amsa-kuwwar gogen kuma ta bambanta da ta sauran kayan, domin ɗakunan da aka ɗauke su ba ɗaya ba ne.

Fayil ɗin da za ka fara da shi

Kada ka fara da MP3, kada kuma ka fara da abin da ka sauke daga YouTube ko wanda aka turo maka ta WhatsApp. Waɗannan an riga an yayyage musu siraran sautuka don su yi ƙanƙanta, kuma daidai wurin da aka yayyage ɗin manhajar rarrabewa take ruɗewa. Kwafo waƙar daga CD ɗinka da manhaja irin Exact Audio Copy, ka ajiye ta WAV ko FLAC, a bar ta a 44,100 Hz yadda take a CD. In kundin ya fita sau da yawa, zaɓi bugun da ba a matse sautinsa ya yi ƙara sosai ba. Sau tari tsofaffin CD na shekarun 1980 sun fi sababbin sauƙin aiki saboda wannan dalili. In kuma akwai bugu mai lasifika shida, wanda ake kira 5.1, nemo shi ko da aro ne, domin a irin wannan haɗi sau da yawa murya kan zauna a lasifikar tsakiya, goge kuma ya fi yawa a gefe ko a baya. Let It Be ya samu irin wannan bugu a 2021.

Buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ce. Rage ƙarfin sautinsa da decibel 3 (decibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) ta Amplify, ka fitar da shi WAV mai 32-bit float, ka sa masa suna "tushe". Daga nan har ƙarshe da wannan tushen za ka yi aiki, ainihin fayil ɗin kuma ka ajiye shi a wata folda kada ka taɓa. Dalilin ragewar zai fito fili nan gaba kaɗan.

Sannan ka ɗauki biro da takarda, ka sa hedifon, ka saurari waƙar sau biyu kana rubuta lokutan da ɗorin ya shigo da inda ya fita: daƙiƙa kaza goge ya fara, minti kaza 'yan amshi, nan kuma ƙaho. Za ka yi mamakin ganin cewa a waƙoƙi da dama baiti na farko babu ɗori sam. Duk inda babu shi ba ruwanka da wurin.

Tsohuwar dabara: gefe da tsakiya

A Audacity raba fayil ɗin gida biyu da Split Stereo to Mono, ka saurari hagu shi kaɗai, sannan dama. A faifan shekarun 1960 akan yi rabon kaya da gatari: duk makaɗan asali a hagu, ɗori a dama, murya a tsakiya. In ka dace da irin wannan, rabin aikinka ya ƙare tun kafin ka taɓa wata ƙirƙirarriyar basira, domin ɓangaren dama kaɗai za ka tura wa manhajar.

Gwada kuma kifa ɓangare ɗaya da Invert ka saurare su tare. Duk abin da yake daidai tsakiya zai ɓace, domin sauti in ya haɗu da kifaffen kansa sifili suke bayarwa. Abin da ya rage shi ne kayan gefe, kuma galibi nan gogen yake shimfiɗe. Wannan ba zai cire maka ɗorin ba, amma zai nuna maka inda ya ɓuya. In faifan mono ne, wato hagu da dama sauti ɗaya ne, ko mono ne da aka yi wa kwalliya ya zama kamar sitiriyo, tsallake wannan matakin.

Rarrabewa

Manhajojin wannan aiki sun yawaita tun bayan da kamfanin Deezer ya saki Spleeter kyauta a 2019. Wadda na fi sabawa da ita ita ce Demucs, daga masu bincike na kamfanin Meta. Mafi sauƙin hanyar amfani da ita ita ce ta cikin Ultimate Vocal Remover, wadda ake taƙaitawa UVR, ita ma kyauta, tana da maɓallai, ba sai ka rubuta umarni ba. Kwamfuta mai katin hoto na Nvidia za ta gama waƙa guda nan da nan. Maras shi ma za ta yi, sai dai ka jona caji ka je ka sha shayi.

Ga inda matsalar take. Demucs na yau da kullum gida huɗu take raba waƙa: murya, ganga, bes, da "sauran". A cikin wannan kwandon na "sauran" take zuba fiyano da jita da goge da ƙaho gaba ɗaya. In ka jefar da kwandon, ka jefar da gogen tare da fiyanon da saboda shi kake wannan wahala. Don haka aikin hawa biyu ne.

Hawa na farko, tura tushe ta samfurin Demucs mai suna htdemucs_6s, wanda ke raba gida shida, ya ƙara jita da fiyano. Jitarsa ba laifi. Fiyanonsa kuwa masu manhajar da kansu sun faɗa cewa yana da rauni, kuma gaskiyarsu, za ka ji rabin wutsiyar kowace ƙwayar fiyano ta zauna a cikin "sauran".

Hawa na biyu, ɗauki wannan "sauran" ka tura shi ga samfurin da aka horar musamman a kan kayan tsirkiya. Shafukan MVSEP da LALAL.AI suna da na goge da na bushe-bushe daban-daban. Gwada hanya biyu: tura "sauran", sannan tura tushe kai tsaye, ka kwatanta. Babu wadda ke cin nasara kullum. A waƙa mai sanyi da kaya kaɗan, tura tushe kai tsaye ya fi ba ni sakamako mai tsabta. A mai ganguna da hayaniya, sai na fara share gangunan tukuna. Ko wacce ka bi, ka karɓi sakamakon a WAV ko FLAC, ka kashe duk wani zaɓi na daidaita ƙarfin sauti kai tsaye.

'Yan amshi nasu daban ne. Manhajar ba ta san wane ne mai waƙa wane ne ɗan haya ba, duk murya ce a wurinta, don haka za ta haɗa su a layin murya. A UVR akwai samfura masu "Karaoke" a sunansu, aikinsu raba muryar jagora da ta masu amshi. Tura layin muryar ta ɗaya daga cikinsu, ka ajiye amshin gefe guda.

A debe, kada a sake gini

Nan ne na fi so ka tsaya. Yawancin masu koyo in sun samu layukan nan shida sai su kashe na "sauran" inda gogen yake, su haɗa ragowar biyar, su ce an gama. Na yi haka a farkon hannuna, na kwana ina murna, da safe na kunna a mota sai na ji muryar mawaƙin tana wani kyarma kamar ana magana ta bayan fanka, kugen mai ganga kuma ya koma kamar ana murza leda. Dalili shi ne kowane layi da manhajar ta fitar yana ɗauke da ɗan rauni, in ka tara biyar ka tara rauni biyar, har a wuraren da babu gogen ma.

Hanyar da ta fi ita ce ta ragi. Buɗe tushe a Audacity. A ƙarƙashinsa shigo da layin gogen kaɗai. Zaɓi layin gogen ka yi masa Invert. Kunna su tare. Gogen da ke cikin tushe zai haɗu da kifaffen kansa ya mutu, duk sauran kayan kuma, murya da ganga da iskar ɗakin, suna nan yadda suke a faifai babu wanda ya taɓa su.

Wannan ba ya aiki sai abu biyu sun daidaita. Na farko lokaci: dole layukan biyu su fara a ƙwayar sauti ɗaya. Zuƙo hoton har ka ga ɗigo-ɗigo, ka duba wani wuri da gogen ya yi ƙarfi, tudu ya fuskanci kwari daidai. MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, shi ya sa na hana ka shi. Na biyu ƙarfi: in manhajar ta ga sauti zai fashe takan rage ƙarfin layin da kanta, kuma da zarar ta rage, ragin ba zai fita daidai ba. Decibel 3 da muka cire tun farko don hana wannan ne. In ka kunna ka ji gogen ya ƙara ƙarfi maimakon ya mutu, ko dai ka manta kifawa ko ka kifa sau biyu.

Yanzu koma ga takardarka. A duk wuraren da ka rubuta babu ɗori, shafe kifaffen layin ya zama shiru, ka sa ɗan fade, wato dushewar sauti a hankali, na rabin daƙiƙa a bakin kowane yanki don kada a ji ɗinki. Manhajar takan ƙirƙiro goge inda babu, musamman daga wutsiyar fiyano ko ogan, kuma in ka bar wannan a ciki fiyanon kake yanka.

Sai shawarar da na san wasu ba za su so ba: kada ka cire gogen duka. Rage ƙarfin kifaffen layin da decibel 2. Lissafin shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na gogen zai tafi, abin da ya saura zai yi ƙasa da kusan decibel 14, wato can nesa kamar daga gidan maƙwabta. Wannan ɗan saura shi ke lulluɓe ƙananan ramukan da ragin ya bari. Kunne yana yafe goge mai nisa, amma ba ya yafe sautin ruwa-ruwa. McCartney ma a wasiƙarsa ragewa ya nema a kan gogen, haf kaɗai ya ce a cire.

Haka za ka maimaita da layin bushe-bushe da na 'yan amshi, kowanne a layinsa, kowanne da nasa gwargwadon.

Aikin hannu a hoton sauti

Bayan ragin za a samu 'yan wurare da gogen ya ƙi tafiya, galibi inda ya hau sama ya daɗe a ƙwaya ɗaya. Haɗa layukan da Mix and Render to New Track, ka mayar da sabon layin zuwa Spectrogram, wato hoton da ke nuna kaifin kowane sauti, ka ɗaga girman taga zuwa 4096 don zanen sautukan su fito sosai.

Da zarar ido ya saba, bambancin a bayyane yake. Ƙwayar fiyano tana farawa da haske mai ƙarfi, miƙe sambal, sannan ta dushe a hankali kamar garwashi. Goge akasin haka ne: yana shigowa a sanyaye, ya kumbura, layinsa kuma yana lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi saboda karkarwar yatsan mai gogen. Duk wanda ya taɓa kallon mai goge na gida yana kaɗa yatsa a kan izga ya san abin da nake nufi. Ƙaramin gogen Turawa ba ya sauka ƙasa da kusan 196 Hz, babbansa da ake kira celo yana kaiwa 65 Hz, inda yake cuɗanya da bes, kuma can ƙasan ba na ba da shawarar a sa hannu. Kowace ƙwaya tana da 'ya'ya a sama, a ninki biyu da uku da huɗu na kaifinta, don haka in ka ga layi a 880 Hz nemi 'yan uwansa a 1,760 da 2,640.

Ja ɗan akwati a kan layin, siriri gwargwadon iko, ka yi amfani da Spectral Edit Parametric EQ ka rage shi da decibel 6 zuwa 9. Spectral Delete yana barin rami baƙi da kunne ke ji. Masu kuɗi suna yin wannan a iZotope RX ko SpectraLayers, inda akwai burushi da ke cike ramin da sautin maƙwabta, aikin ya fi sauri, amma hukuncin ido da kunne ɗaya ne. In layin gogen ya bi ta kan muryar mawaƙi, bar shi. Murya mai ɗan goge a bayanta ta fi murya mai giɓi.

Kada ka wuce minti arba'in a zama ɗaya. Kunne yana gajiya, sai ya fara jin goge a inda babu.

Abin da za ka tarar a ƙarƙashi

Cikakken goge yana cika waƙa, don haka bayan ka sauke shi sai ta yi kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Kada ka yi gaggawar cike gurbin. Ɗan ƙarin nauyi na decibel ɗaya a wajen 200 zuwa 400 Hz kan isa. In ragin ya tafi da wutsiyar amsa-kuwwa, sa ɗan Reverb, wato amsa-kuwwar roba, ƙanƙani mai gajeren zango, wanda in an tambaye ka ko akwai shi sai ka yi tunani. Sannan mayar da decibel 3 ɗinka.

Wajen kwatantawa daidaita ƙarfin tsohon da sabon tukuna, domin kunne kullum mai ƙara yake zaɓa. Saurara a hedifon, a lasifikar waya, a mota, kuma ka haɗa shi mono sau ɗaya, nan ne ɓarnar da ta ɓuya take fitowa. Bar shi ya kwana kafin ka yanke hukunci.

Ka kuma shirya jin abin da ba ka zata ba. A The Long and Winding Road John Lennon, abokin McCartney a Beatles, shi ne ya kaɗa bes, ba kayansa ba ne, kuma masu nazarin kiɗan Beatles sun daɗe suna nuna kurakuran da ya yi a wannan ɗauka. Masu kare Spector suna cewa gogen nasa rufin asiri ne ga waɗannan kurakurai. Ni dai na fi son jin ɗakin yadda yake, har da tuntuɓen, amma na sha cire ɗori daga wata waƙa in ga dalilin da ya sa aka ɗora shi, in mayar da rabi.

Kayan da manyan situdiyo ke amfani da su sun fi namu nesa. Fasahar da ma'aikatan daraktan fim Peter Jackson suka ƙera lokacin aikin fim ɗin Get Back na 2021 ita ce furodusa Giles Martin ya yi amfani da ita ya rarrabe kayan kundin Beatles mai suna Revolver a 2022, da ita kuma aka tsamo muryar Lennon daga tsohon kaset aka fitar da waƙar Now and Then a 2023. Samfuran kyauta suna biye da su a baya, kuma duk 'yan watanni sai sabo ya fito. Saboda haka ajiye tushe da takardar lokutanka da fayil ɗin aikin Audacity a folda ɗaya, ranar da samfurin goge mafi kyau ya fito layi ɗaya kawai za ka musanya. Abin da ka haɗa kuwa na sauraronka ne a gida. Haƙƙin mallakar waƙar yana hannun masu ita, in ka ɗora a YouTube na'urarsu ta gano waƙoƙin mutane, Content ID, za ta iya gane waƙar ko da babu goge ko ɗaya a bayanta.